Shin ana gadon sankarar mama ta wajen uba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 31, ina da 'ya'ya mata biyu. Goggona, ƙanwar mahaifina, ta rasu sakamakon sankarar ƙwan mace tana da shekara 47, yanzu kuma an gano ɗiyarta tana da sankarar mama tana da shekara 38. A gida ana ce mini in kwantar da hankalina tunda ciwon ba daga dangin uwa ya fito ba. Gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan goggonki, Ya ba ɗiyarta lafiya. Masu kwantar miki da hankali alheri suke nufi, amma ba haka abin yake ba. Akwai ƙwayoyin halitta biyu, BRCA1 da BRCA2, waɗanda aka gano a 1994 da 1995, aikinsu kuwa shi ne gyara ɓarnar da kan auku a cikin ƙwayoyin jiki. Idan ɗayansu ya zo da tangarɗa, uba yana iya miƙa ta ga 'ya'yansa kamar yadda uwa take iyawa, kuma kowane ɗa ko ɗiya yana da yiwuwar kashi 50 cikin 100 na gadonta. Mahaifinki yana iya ɗauke da ita tsawon rayuwarsa ba tare da ya taɓa yin ciwon ba.

Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai na sankarar mama suke da nasaba da gado, sai dai abin da kika zayyana, wato sankarar ƙwan mace a jikin uwa da ta mama a jikin ɗiyarta tun ba ta kai shekara 40 ba, shi ne irin tarihin da ke sa likita ya miƙe zaune.

Gwajin gano wannan tangarɗa ba wuya, ɗan jini ne ko yawu. Abin da nake roƙonki shi ne kada ki fara da shi. Ki fara zama da mai ba da shawara kan cututtukan gado, ki tafi da takarda ɗauke da sunan ciwon kowane ɗan uwa da shekarun da ya kama shi, har da maza, domin wannan tangarɗa tana ƙara musu haɗarin sankarar prostate (wata gaɓa da ke ƙasan mafitsarar maza) da ta mama. Mafi dacewa a fara gwada ɗiyar goggonki, idan ta amince, saboda idan aka san ainihin tangarɗar da take ɗauke da ita, sakamakonki zai fito a fili. In ba haka ba, ana iya ce miki ba a ga komai ba alhali tambayar tana nan.

Idan aka same ki da tangarɗar, wannan ba ya nufin kin kamu. Yana nufin za a riƙa yi miki hoton MRI da na mamogiram, wato hotunan duba cikin mama, duk shekara, daga baya kuma a tattauna batun cire ƙwan mace bayan kin gama haihuwa, shawarar da ke hannunki. 'Yan matanki kuwa ba a saba gwada su ba sai sun kai shekara 18, lokacin da za su iya yanke hukunci da kansu.