Rufi na yoyo, uwargida na son tayil: wanne zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina zaune a gidan da mahaifinmu ya bar mana a Zariya, ginin bulo ne mai rufin kwano, an gina shi wajen 1988. Saura wata huɗu mu aurar da 'yata. Uwargida ta matsa a sa tayil a falo, a yi silin na POP, a fente gidan gaba ɗaya kafin baƙi su zo. Ni kuma abin da ke damuna, ɗakin yara na yoyo tun bara, ƙasan bangon da ke kallon layi kullum a jiƙe yake, ga wata tsaga a kusurwar taga. Kuɗin hannuna ba za su isa duka ba. Wata rana ƙila mu sayar a raba gado, ba na so gidan ya faɗi daraja. Me zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sanya alheri a bikin. A ba Hajiya haƙuri, domin ba bayanta zan goya ba. Matsaloli ukun da ka lissafa, mai yiwuwa duk uwarsu ɗaya, wato ruwa. Ruwa ne ke cin gida a ƙasar nan, kuma duk kwabon da ka kashe a ado alhali yana shiga, kitso ne da ƙwarƙwata.

Fara daga sama. Ka samu kafinta wanda ka yarda da shi, ku buɗe silin da tsakar rana ku leƙa. Duk inda kwano ya huje za ku ga haske yana ratsowa kamar allura. A gida mai shekarun naka, yawanci ba tsakiyar kwano ke lalacewa ba, bakin ƙusa ne ke yin tsatsa ya yi faɗi, sai mahaɗar da kwano biyu suka yi kwari, sai kuma inda kwano ya shiga jikin bango. In rufinka irin na ɓoye ne, mai katanga a kewaye, a hau a duba kwatar simintin da ke bayanta. Na sha hawa in tarar da ganyen darbejiya da leda da mataccen ƙwallon yara sun toshe bakin indararo, ruwa ya taru ya koma cikin ɗaki. Maigida yana lissafin bandir nawa na kwano zai saya, ashe tsintsiya ce maganin.

Kuna can sama kada ku sauko sai kun gwada katako. A soka masa sukundireba. In ta nutse kamar an soki burodi, gara ko ruɓa ta gama da shi, a cire a sa sabo, a shafe shi da Solignum, wato maganin gara da ruɓar katako, kafin a buga. Wannan ne dalilin da ya sa nake cewa yoyo ba ya jira. Bana ƙusa ce da ɗan kwalta, baɗi katako ne, shekarar da ke biye kuma silin ne zai rufto wa yara suna barci. Kuma aikin rani ne. A Zariya ruwa kan sauka wajen Mayu, ya yi ƙarfi a Agusta, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. POP kuwa, da jiƙa ɗaya yake yin taswira mai ruwan ƙasa, ya kumbura ya faɗo.

Sai bangon layi, wanda shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Tun da ka ce wanda ke kallon layi ne, fita ka tsaya ka kwatanta tsayin hanya da daɓen ɗakinka. Tsofaffin unguwanninmu da yawa, an yi ta zuba ƙasa a hanya shekara da shekaru, ko an yi kwalta da lambatu an ɗaga su, har gida ya koma rami. Ƙasa ta haura layin da aka yi wa gini kariya daga danshi, in ma an yi tun farko, sai bulo ya riƙa tsotsar ruwa kamar lagwani. Farin garin nan mai kama da kanwa da kake gani a jikin filasta, gishirin da ruwan ya ɗauko ne, shi ke ɓantare fenti. In ba hanya ba ce, a duba ko bututu ya fashe a cikin bango, ko sokawe na tsiyaya a kusa, ko kuma ruwan kwano na zuba daidai gindin ginin.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne a manna tayil ko a shafa fentin mai a wurin don a ɓoye. Danshi ba ya mutuwa don an rufe masa baki, hawa yake yi ya fito a saman tayil ɗin. Abin yi, a kashe tushen ruwan tukuna, a yi daɓen siminti mai gangare, faɗin kamu biyu, a gindin bangon ta waje don ruwa ya gudu zuwa kwata. Sannan a fasa filastar da ta ruɓe har a wuce iyakar jiƙar, a bar bulo ya sha iska makonni ya bushe, a sake yaɓawa da kwaɓi mai kyau, awo 1 na siminti ga 4 na yashi mai tsabta, a zuba maganin hana ruwa. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma kwana 7. Birkila zai ce maka kwana biyu sun isa, don yana sauri ya karɓi cikon kuɗinsa.

Tsagar taga kuwa, ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siririya kamar gashi, ta filasta ce kawai. Ka ɗauki fensir ka ja layi a ƙarshenta biyu, ka rubuta kwanan wata, ka dawo bayan wata biyu. In ba ta wuce layin ba, a cike ta. Amma in tana tafiya, ko ta bi mahaɗar bulo a karkace kamar matakala, ko bakinta ya kai ka cusa bayan biro, ko taga da ƙofa sun fara ƙin rufuwa, to ƙasan gini ne ke motsi. Wannan ba aikin birkila ba ne, a kira injiniya ya gani da ido. In a bangon nan mai danshi take, zargina ya ƙara ƙarfi.

Akwai abin da ba ka tambaya ba: wayarin. An ja wayoyin 1988 ne don ƙwan fitila da fanka da rediyo, yau kuwa an ɗora musu firji da hita da dutsen guga. Ɗigar ruwa a cikin silin a kan tsohuwar waya, ka san sauran. A kira mai wayarin ya duba, soket ya zama a kan waya 2.5mm, kuma a kankare bakin sabuwar waya a gani, don kasuwa cike take da alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe.

Game da daraja, mai saye na gaske ba shi kaɗai yake zuwa ba, da maginin da ya yarda da shi yake zuwa. Shi kuwa ba ruwansa da kyan falo. Silin yake ɗaga kai ya kalla, ya ƙwanƙwasa gindin bango da makulli ya ji ko akwai kogo. Sabon fenti a kan jiƙaƙƙen bango ma zargi yake jawowa, sai a zabge maka fiye da kuɗin gyaran. Tayil kuma yayi ne, wanda ka sa bana kafin ku tashi sayarwa ya tsufa.

Tun da gidan gado ne, kafin ka sayi buhu ɗaya na siminti ka tara 'yan uwanka ka gaya musu, ka ajiye rasit, a rubuta ko bashi ne a kan gidan ko kyauta ka yi. Na ga zumunci ya tsinke a kan kuɗin kwano.

Hajiya kuma ba za ta tashi hannu rabbana ba. In rufi da bango sun kammala, abin da ya rage zai ishi fentin ruwa na falo da zaure da fuskar gida, a shimfiɗa sabuwar leda ko kafet. A bar fentin sai saura mako biyu biki, lokacin sabuwar filasta ta bushe sosai.