Wane aikin kimiyya ɗalibaina za su yi wanda zai amfani garinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar kimiyya ce a wata sakandaren 'yan mata a jihar Katsina, kuma ni ke kula da ƙungiyar JETS ta makarantar, wato ƙungiyar ɗalibai masu sha'awar kimiyya da ƙere-ƙere. An ce mu shirya aikin da za mu kai gasa, wanda zai magance wata matsala ta jama'a. Yaran sun nace sai mutum-mutumi mai motsi, irin wanda suke gani a waya. Kuɗi ba mu da shi, wutar lantarki kuma sai an ga dama. Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya. Shawarata ita ce kada ku fara daga ɗakin gwaji. Ki raba yaran gida uku, ki tura su wajen mai sayar da kayan miya, da manomin wake, da uwar da ke ɗora wa 'yarta talla, su yi tambaya guda: me ke lalace muku, kuma nawa kuke asara? Abin da suka kawo a rubuce, daga cikinsa aikinku zai fito.

Ga misalin da nake so kowace ɗaliba a Arewa ta sani. Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya yi koyarwa a Jigawa, ya taso a gidan masu ginin tukwane. Ya ɗauki abin da kowa ya sani, wato ruwan randa ya fi na bokiti sanyi, ya mai da shi ma'ajiyar kayan lambu. Ana saka ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a zuba tumatir ko yalo a ta cikin, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar, iska ta busar da shi, kuma a wannan bushewar yake tafiya da zafin da ke ciki, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. Ba waya, ba batir. Rahotannin lokacin sun nuna yalon da ke yaushi cikin kwana 3 yakan kai kwana 27. Wannan aiki ne ya ba shi kyautar kamfanin agogo na Rolex a shekarar 2000.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne waɗanda suka amfana. Idan kayan gona ba sa kwana, dole a sayar da su yau a kowane farashi, kuma yarinya ce ke ɗaukar tiren ta zaga gari a lokacin da sa'o'inta ke aji. Idan kuwa tumatir zai yi mako biyu, uwa ba ta cikin matsi, 'yar ma ta samu sarari. Mai ginin tukunya kuma ta samu ciniki. Da wannan nake auna kowane aikin ɗalibai: shin talakan da aka yi dominsa zai iya mallakarsa, kuma idan ya lalace akwai mai gyara a garin?

Za ki ce ai an riga an yi wannan, ina sabon abu? Yana nan da yawa. Tukunyar tana aiki sosai a lokacin bazara da hunturu da iska ke bushe, amma da damina ta yi nisa iska ta cika da danshi, sanyin sai ya ragu. Yaranki su auna wannan da kansu. Su samo ma'aunin zafi biyu, ɗaya a cikin tukunya ɗaya a waje, su rubuta safe da azahar da la'asar har mako uku. Su gwada yashin rafi a wata, garin gawayi a wata. Su ajiye ɗaya a zaure inda iska ke ratsawa, ɗaya a ƙuryar ɗaki. Lallai kuma a bar wasu tumatir a kwando kamar yadda aka saba, don in babu abin kwatantawa alƙalan gasa ba za su yarda da sakamakon ba, kuma suna da gaskiya.

Idan wake ne ya fito a bincikensu, su duba buhun PICS mai hawa uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa a yankinmu. Sirrinsa hana iska shiga: ƙwaron wake ya cinye iskar da ke ciki, ya daina ɓarna, ba tare da an zuba maganin da ke cutar da mai ci ba. Jarka mai murfi mai kyau ta isa gwaji. A cika ta da busasshen wake har baki, a ajiye wata a buɗe, bayan wata biyu a ƙirga ƙwayoyin da suka huje a cikin kowace ɗari.

Gargaɗi ɗaya kan aikin ruwa. Garin 'ya'yan zogale yana kwantar da laka, ruwa ya yi garau, amma garau ba shi ne tsabta daga ƙwayoyin cuta ba. Kada yara su ce wa kowa ya sha.

Sannan ki sa ido a cikin ƙungiyar kanta. Sau da yawa mai iya Turanci ce ke tsayawa gaban alƙalai, wadda ta yi aikin tana baya, ita kuwa wataƙila ita ta san ciwon talla a jikinta. Ki sa kowace ta riƙe ma'auni, kowace ta yi bayani. Kafin ranar gasa, ku koma wajen matar kayan miyan nan da tukunya ɗaya da takardar awonku, ku yi mata bayani da Hausa, ku bar mata ta yi amfani da ita mako biyu. Duk ƙorafin da ta yi, ko nauyi ne, ko yawan ruwan da ake ɗebowa don jiƙa yashi, ku rubuta shi cikin rahoton.