Amsoshin Tambayoyinku: Muryar Inji da Fuskar Aro a Bidiyon Koyarwa

Tambaya: Ina gyaran waya a wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina. Nakan ɗauki allon waya ina nuna yadda ake dawo da WhatsApp ko tsare asusun banki, amma bidiyon shiru ne, sai rubutu, kuma yawancin kwastomomina ba sa karanta boko. Shagon ba ya rabuwa da ƙarar janareto da Keke Napep, ni kuma ina da in'ina. Wace manhaja zan biya ta riƙa yi mini magana?

Amsa: Malam, kada ka fitar da ko sisi tukuna. Manhajojin da ke mayar da rubutu murya, irin su ElevenLabs da wanda ke cikin manhajar haɗa bidiyo ta CapCut, sun ƙware a Turanci saboda sun saurari Turanci mai ɗimbin yawa. Hausar da suka saurara ba ta taka kara ta karya ba. A 2023 kamfanin Meta ya fitar da wani tsari mai magana da harsuna fiye da 1,100, kuma yawancin sautin da aka horar da shi da su karatun littattafan addini ne da aka naɗa. Muryar da ta koyi magana ta wannan hanya ba za ta yi hira irin ta bakin kasuwa ba.

Babbar matsalar tana cikin rubutunmu. Ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali a takarda. Mai karatu ne ke ganewa daga ma'anar jimla, inji kuwa kintace yake yi. Don haka ga jarrabawar da za ka yi wa kowace manhaja a kasonta na kyauta, wato ɗan abin da take bari a gwada ba tare da an biya ba. Rubuta mata: "Ya shiga gari ya sayo garin masara." Ƙara jimla mai ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ, sannan lambar kuɗi kamar 5,200, sannan sunan wani maɓalli na Turanci a tsakiyar Hausa, tun da aikinka cike yake da su. Kada kai ka yanke hukunci, domin ka riga ka san abin da ka rubuta. Kunna wa dattijon da ke zama a bencin ƙofar shagonka. In ya ce "me ta ce?" sau biyu, ka samu amsarka.

In wata ta ci jarrabawar, to ka lura da lissafi. Ana biya da dala, wata-wata, kuma kuɗin na fita daga katinka da kansa har sai ka soke. Ana ƙirga maka haruffa ko mintuna, kuma sake gwaji saboda kalma ɗaya da ta karkace yakan ci daga kasonka. Rubuta lambobi da kalmomi, "dubu biyar da ɗari biyu", zai rage maka asara. Ka kuma duba ko kason kyauta ya yarda a yi kasuwanci da muryar. Da yawa ba su yarda ba.

Ni dai a ganina, hanya mafi sauƙi ita ce muryar mutum. In'ina ba ta hana wannan aiki, domin ba wa'azi za ka yi kai tsaye ba: jimla ɗaya-ɗaya za ka naɗa, wadda ta sarƙe ka sake ta, a haɗa su a CapCut. Sayi ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga, ka yi naɗin a ɗaki mai katifa da labule bayan sallar asuba, kafin gari ya tashi. In hankalinka bai kwanta ba, ka ba yaron shagonka ya karanta, ka sallame shi da na kati. Ko da wace murya ka yi aiki, fara naɗar maganar, sannan ka daidaita hoton a kanta. Inda bayani ya fi hoto tsawo, tsayar da hoton cak har a gama. Kuma kada ka cire rubutun nan, akwai masu kallo a cikin mota ko wurin aiki da ba sa buɗe sauti.

Tambaya: Ni matar aure ce a Daura, ina koyar da haɗa sabulu da turaren wuta. Hannuwana kawai ake gani a bidiyo, ba na son nuna fuska. Ƙanwata ta ce akwai manhajar da ke sa wata mace ta kwamfuta ta tsaya tana bayani a madadina. Ya dace in biya?

Amsa: Hajiya, akwai su. Synthesia, da aka kafa a Landan a 2017, da HeyGen da D-ID duk wannan sana'ar suke yi: ki zaɓi fuska, ki ba ta rubutu, ta riƙa motsa baki daidai da shi. Kamfanoni ne suka fi cin moriyarsu, masu horar da ma'aikata da harsuna daban-daban, waɗanda in doka ta canja sai su gyara layi ɗaya ba tare da sun sake kiran mai ɗaukar hoto ba. Ke kuwa darasinki yana cikin roba da ludayi. Mai koyo so take ta ga lokacin da haɗin ya yi kauri ya fara barin sawu a bayan muciya, kuma allon waya bai kai tafin hannu biyu ba. Duk inda kika ajiye baƙuwar fuskar nan, wani abu ta rufe. Ga shi mintin bidiyo mai fuska ya fi mintin murya zalla tsada nesa ba kusa ba, kuma kason kyauta yakan zo da tambarin kamfani manne a kai.

Akwai kuma batun amana. Matan da za su turo miki kuɗin koyo, ko su sayi kayanki, ke suka yarda da ita. In suka ga wata mace mai murmushin da ba ya gushewa tana Hausar da ba ta yi kama da ta Daura ba, wasu za su ɗauka damfara ce. Abin da bidiyonki ya rasa murya ce, musamman wurin gargaɗi: soda ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwa a kan soda ba, a sa safar hannu, a kawar da yara. Irin wannan bai kamata a bar shi a rubutu kaɗai ba. In kina ganin muryarki ma ba ta dace ta fita ba, ku yi shawara da maigida, ko ki ba ƙanwar taki ta karanta.

Tambaya: Ɗalibi ne ni a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Zan iya kwaikwayon muryar wani shahararren mai gabatar da shiri a rediyo da inji, don bidiyona ya ja mutane?

Amsa: A'a, ƙanena, sai da izininsa, kuma ya kasance a rubuce. Sa wa mutum maganar da bai faɗa ba ƙarya ce ko da maganar alheri ce, kuma manyan manhajojin kansu sun haramta hakan a sharuɗɗansu. Masu yin fuska ma sukan nemi mai ita ya naɗi kansa yana cewa ya amince. Tun Maris na 2024 YouTube ya wajabta wa masu ɗora bidiyo su bayyana in sun ƙirƙiri murya ko fuskar da za a iya ɗauka ta gaske ce, TikTok ma yana da irin wannan doka, kuma saɓa musu na iya jawo a sauke bidiyon. In muryar rediyo kake so, je ka same shi a tasharsu ka tambayi nawa yake karɓa ya karanta minti biyu.