Difa ta zauna daram, amma motar tana turjewa

Tambaya: Ina farfaɗo da tsohuwar motar soja, Dodge M37 ƙirar 1953. Difar baya, wato giyar da ke raba juyi tsakanin tayoyin baya biyu, ta lalace, wani dillali ya sayar min da ta wata motar Dodge mai suna Power Wagon, ya ce duk abu ɗaya ne. Ta zauna daram. Amma da na sa ƙafa huɗu sai motar ta riƙa turjewa tana ƙara, libar ƙafa huɗun ma ta ƙi fita. Na lalata wani abu ne? Hankalina ya tashi.

Amsa: Malam, kada ka sake sa ƙafa huɗu sai ka ƙirga haƙora.

Maganar nan ta "tunda noti ya ɗauru ai ya dace" ta ishe ni. Kullum sai na ji ta, kuma ta kashe motocin da yaƙi bai kashe ba. Dillali kasko yake kallo, bai damu da abin da ke ciki ba. Difar M37 lissafinta 5.83 ne, wato haƙora 35 a babban giya, 6 a ƙarami, ka raba 35 da 6. Wasu Power Wagon kuwa da 4.89 suka fito, haƙora 44 da 9. Daga waje kamar an tsaga kara.

To, akwatin raba ƙarfi na M37, wato NP200, ba shi da difa a tsakiya. Da ka sa ƙafa huɗu, farfelar gaba da ta baya, wato sandunan da ke kai juyi zuwa difofi, sun zama abu guda, juyinsu ɗaya. In bayanka 4.89 ne gabanka 5.83, tayoyin baya suna neman wuce na gaba da kusan kashi 19 cikin ɗari. A yashi taya za ta sulɓe ta rage nauyin. A kwalta babu inda ƙarfin zai je sai cikin ƙarfe, shi ya sa libar ta cije. Daga nan sai karyewar aksul ko zubewar haƙora. Masu cewa "bar shi zai saba" ba su za su biya kuɗin gyara ba. Ƙarfe ba ya sabo.

Ɗaga taya ɗaya ta baya da jak, giya a firi, ka tare sauran tayoyin. Yi alama a farfela, ka juya tayar sau biyu cif kana ƙirga juyin farfelar. Kusan shida, 5.83 ke nan; kusan biyar, 4.89. Maimaita a gaba. In sun saɓa, dole ɗaya ta koma irin ɗayar.

Sannan ka tsiyaye man NP200 da na difofin biyu, ka zura maganaɗisu a ciki. Ɗan gari mai laushi ba komai. In ka ga ɓarɓashin haƙori, a sauke a buɗe.