Taswira a kan hostin mai araha: ko dole sai an kama sabar ta musamman?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da shafin intanet na wata ƙaramar ƙungiya. Hostin ɗinmu irin mai arahar nan ne da ake tara shafuka da yawa a kan sabar guda, PHP da MySQL kawai aka ba mu. Muna son sa taswirar da mai ziyara zai iya ja da kusantowa, ta nuna wurare kusan 400 da muke aiki da kuma iyakokin yankunansu. Wani ya ce in ɗora GeoServer, manhajar da ke zana taswira daga kan sabar, na gwada, masu hostin suka ce ba ya aiki a tsarinsu. Shin dole sai mun ƙara kuɗi mun kama sabar tamu?

Amsa: Wa alaikumus salam. A'a ɗan'uwa, ka riƙe kuɗinka tukuna. Wurare 400 ba su kai a tayar da hankali a kansu ba. Wanda ya ce ka ɗora GeoServer bai yi maka ƙarya ba, manhaja ce mai kyau, sai dai ya ba ka babbar mota ne don ɗaukar abin da keke ma zai ɗauka. Da Java aka rubuta ta, tana son zama a kunne dare da rana, kuma tana cin ƙwaƙwalwar sabar sosai. Hostin na haɗaka kuwa kamar gidan haya ne: ɗaki aka ba ka, ba a ba ka damar fasa bango ba. Ba za ka girka abin da ka ga dama ba, kuma duk shirin da ya daɗe yana aiki ko ya yi nauyi, tsarin kan kashe shi don kada ya takura wa maƙwabta. MapServer, takwararta wadda aka fara a Jami'ar Minnesota ta Amurka, ta fi sauƙin nauyi domin da C aka rubuta ta, amma ita ma tana buƙatar wasu manhajoji irin su GDAL da PROJ a kan sabar, kuma da wuya masu hostin mai araha su girka maka su.

Abin da zai fid da kai shi ne ka daina tunanin sabar ce za ta zana taswirar. Aikin da hostin mai araha ya iya shi ne miƙa fayil ga wanda ya nema. To ka bar shi a kan wannan, zanen kuma burauzar mai ziyara ta yi.

Ka san taswirar da kake gani a waya ba hoto guda ba ce. Ƙananan hotuna ne masu kusurwa huɗu, kowanne fiksel 256 tsawo da faɗi, a jere kamar tayil ɗin ɗaki. Shi ya sa idan intanet ta yi rauni za ka ga wasu gurabe sun fito wasu suna nan fari. A matakin kusantowa na 0, duniya gaba ɗaya tayil ɗaya ce. Kowane mataki da ka ƙara, adadin yana ninkuwa sau huɗu: a mataki na 10 sun haura miliyan ɗaya, a na 18 sun haura biliyan 68. Wannan shimfiɗar ta ƙasa, mai hanyoyi da koguna da sunayen garuruwa, ba kai za ka ɗauki nauyinta ba. Naka shi ne abin da za ka ɗora a sama.

Don haɗa shimfiɗar da naka bayanan, ni Leaflet nake ba mutane shawara, wata ƙaramar manhaja mai nuna taswira a burauza. Volodymyr Agafonkin ne ya ƙirƙiro ta, ta fito a 2011, kyauta ce, kuma nauyinta bai wuce kilobait 40 da 'yan kai ba idan an matse. Fayil biyu za ka sa a shafinka, na JavaScript da na CSS, shi ke nan. Takwararta OpenLayers ta fi ta yawan kayan aiki, amma ba ka buƙatarsu yanzu.

Wuraren naka kuma ka zuba su a fayil ɗin GeoJSON, wato fayil ɗin rubutu mai ɗauke da lambobin wurare da iyakokinsu. Buɗe QGIS, manhajar sarrafa taswira, a kwamfutarka, ita ma kyauta ce, ka shigar da jadawalin wuraren, ka fitar da shi a tsarin EPSG:4326, wato na latitud da longitud, ka ɗora kamar yadda kake ɗora hoto. A nan akwai tarkon da kusan kowa ke faɗawa a karon farko: GeoJSON longitud take fara rubutawa sannan latitud, ita kuwa Leaflet idan kana sa alama da hannu latitud take so a gaba. Idan ka buɗe taswira ka tarar ofishinku ya koma tsakiyar teku, kada ka zargi kowa, juya lambobin biyu kawai.

Iyakokin yankuna su ne suka fi kumbura fayil, domin layi ɗaya na iya ƙunsar ɗigo dubbai. Ka bi da su ta mapshaper, manhajar sauƙaƙa layukan taswira, ka rage ɗigon har sai idonka ya fara ganin bambanci, sannan ka ɗan koma baya. Ka kuma datse lambobin da ke bayan ɗigo a latitud da longitud zuwa biyar, wanda ya yi daidai da kusan mita ɗaya a ƙasa. Sau da yawa manhaja kan fitar da lambobi goma sha wani abu, kamar ana auna ƙwayar zarra. Idan alamomin sun cunkushe wuri guda, Leaflet.markercluster, wani ƙari da ake haɗawa da Leaflet, za ta dunƙule su, su riƙa warwatsuwa yayin da ake kusantowa. In kuma bayanan suna sauyawa kullum, ka ajiye su a MySQL, ka rubuta ɗan shirin PHP da zai sabunta fayil ɗin GeoJSON duk lokacin da aka yi gyara, ba duk lokacin da wani ya buɗe shafin ba.

Saura shimfiɗar ƙasa. Mafi sauƙi shi ne tayil ɗin OpenStreetMap, taswirar duniya da jama'a ke haɗawa, aikin da Steve Coast ya fara a Ingila a 2004. Bayanan kyauta ne a ƙarƙashin lasisin ODbL, da sharaɗin ka rubuta a jikin taswirar cewa daga masu ba da gudummawa ga OpenStreetMap suke. Amma sabar da ke raba tayil ɗin da gudummawar jama'a take tafiya, kuma ƙa'idarsu ta hana kwasar tayil da yawa ko ɗora musu nauyi. Wanda ya wuce gona da iri suna iya toshe shi ba sanarwa. Ƙaramin shafi zai iya lallaɓawa da su. Haka ma Nominatim, mai mayar da adireshi lambobin wuri, ba ta yarda a wuce tambaya ɗaya a daƙiƙa ba, don haka ka nemo lambobin sau ɗaya ka adana. Google Maps na nan, amma tun 2018 sai ka haɗa asusun biyan kuɗi kafin ta yi aiki yadda ya kamata, kuma ƙungiyar da ke lissafin kowane kwabo gara ta san da haka tun farko.

Za ka iya yanka naka tayil ɗin da QGIS ko gdal2tiles ka ɗora. Yi lissafi kafin ka fara. Yankin da tayil 10 suka rufe a mataki na 12 zai ci 40,960 a mataki na 18, jimilla sama da 54,000. Masu hostin da yawa da ke tallan wuri mara iyaka suna da iyaka a kan yawan fayiloli, kuma ɗora ƙananan fayiloli dubu hamsin ta FTP aiki ne na mai haƙuri. Maganin wannan shi ne tsarin fayil na PMTiles: duk tayil ɗin a cikin fayil guda, burauza tana neman gutsuren da take buƙata kaɗai. An fi haɗa shi da MapLibre GL JS, mai aiki irin na Leaflet, wadda aka ɓalle daga Mapbox GL JS bayan sauyin lasisi a Disamba 2020. Kafin ka dogara da shi, buɗe kayan bincike na burauza ka duba lambar da sabar ta amsa da ita. Idan 206 ka gani, tana ba da gutsure, ka ci gaba. Idan 200 ce kuma fayil ɗin gaba ɗaya ke saukowa, tambayi masu hostin ko suna matse irin wannan fayil ne a hanya.

Ranar da za ka buƙaci sabar taka tana iya zuwa: idan mutane da yawa za su riƙa gyara taswirar a lokaci guda, ko wurare da iyakokin da ke kanta sun kai ɗaruruwan dubbai, ko wata hukuma ta ce sai ka ba ta bayanai ta WMS, hanyar da sabar ke zana taswira ta aika wa wasu manhajoji. Sannan ne ƙaramin VPS, wato sabar haya da kai ke iko da ita, da PostGIS, ma'ajiyar bayanan taswira, za su cancanci kuɗinsu, tare da wahalar sabunta tsaro da adana kwafi da za ta dawo wuyanka. A yanzu dai, ka fara da wurare goma a GeoJSON, ka buɗe shafin a tsohuwar waya mai raunin intanet, in ya buɗe lafiya ka zuba sauran 390.