Amsa ga Alhaji kan ƙasar da ta daskare

Assalamu alaikum jama'a. Alhaji, barka da yamma. Tun jiya na saurari tambayarka, cunkoson Oshodi ne ya hana ni zama. Ka ce a wajenku Ijora, kifi in ya daskare shi ke nan, ba ya ruɓewa, to ta yaya ƙasar daji da ta daskare a Rasha ko Kanada za ta riƙa fitar da iskar da ke ɗumama duniya a tsakiyar hunturu?

To Alhaji, ƙasa ba ta daskarewa irin na kifin firiza. Dusar ƙanƙarar da ke rufe ta bargo ce. A Yakutsk da ke Siberiya, sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifili, amma ƙarƙashin dusa mai kauri abin ba ya kai haka ba. Kuma ko inda ta daskare ɗin, akwai ɗan ruwa siriri manne da ƙwayoyin ƙasa wanda bai zama ƙanƙara ba. A nan ƙananan halittun da ido ba ya gani suke ci gaba da cin ruɓaɓɓen ganye da saiwa, suna fitar da iskar kabon, wato iskar nan da ke ɗumama duniya. Kaɗan-kaɗan ne, gaskiya, amma fa wata shida ko bakwai ake yi a haka. Su kuma itatuwa sun yi barci, ba sa shaƙe ta. Fita kawai, babu shiga.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, binciken 2019 da mujallar Nature Climate Change ta buga. An ƙiyasta cewa daga Oktoba zuwa Afrilu, yankin arewacin duniya mai ƙasar da ke daskare shekara da shekaru yana sakin kabon kusan tan biliyan 1.7, alhali abin da tsirrai ke shanyewa lokacin tsiro bai wuce wajen biliyan 1 ba. Kai ɗan kasuwa ne, ka san sunan wannan lissafi.

Sai lokacin narkewa, wanda shi ya fi kama da ranar da wuta ta ɗauke muku. Ƙasar kan saki wata iska, naitiros oksayid, a tashi ɗaya, kuma ƙarfinta wajen riƙe zafi ya ninka na iskar kabon sau 270 da ɗoriya.

Wallahi ina damuwa, domin zafin da ke ƙaruwa shi ke ɗaga ruwan teku, mu kuwa Legas a bakinsa muke. Duk wanda ya ga yadda ruwa ke kwanciya a Lekki da damina ya san abin da nake nufi. Alhaji, in akwai inda ban fayyace ba, turo mini murya bayan Isha'i.