Ɗan majalisar da ya daɗe, a zauren majalisa ake auna shi

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce ɗan majalisar jiha na mazaɓarku ya yi zango uku, ga shi yana neman na huɗu, kana tambaya ko ku sake ba shi ko ku kawo sabon jini. Na daɗe ina aiki a ofishin mazaɓa na wani ɗan majalisa a nan Zamfara, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Doka dai ba ta hana shi ba. Gwamna ne tsarin mulkin 1999 ya ƙayyade wa zango biyu, ɗan majalisa kuwa ko sau nawa aka zaɓe shi sai ya koma. Amma komawar ba wasa ba ce. Kujeru 24 ne kacal a majalisar jiha da ke Gusau, kowace gunduma na cewa lokacinta ya yi, tikiti kuma yana hannun jam'iyya. Ka tuna 24 ga Mayun 2019, da Kotun Ƙoli ta soke nasarar APC a Zamfara saboda rashin sahihin zaɓen fid da gwani, duk wanda ya ci a ƙarƙashinta ya rasa kujera tun kafin rantsuwa.

Amfanin daɗewa yana fitowa ne lokacin kasafin kuɗi. Sabon shiga kan cinye kusan rabin zangonsa yana koyon dokokin zama da yadda ake gabatar da ƙudiri. Tsohon hannu kuwa, da kwamishina ya zo kare kasafinsa gaban kwamiti, zai buɗe takarda ya ce wannan hanyar an sa ta bara, an sa ta bara waccan, ina kuɗin suka tafi? Na sha ganin maigidana ya yi haka, wallahi da wannan tambayar kaɗai aka gama wani asibitin ƙauye da ya daɗe ba rufi. Tsohon hannun ne kuma ya san cewa kwana 30 gwamna ke da su ya sa wa doka hannu, in ya ƙi, mutum 16 cikin 24 sun isa su tabbatar da ita.

Sai dai mu talakawa ba nan muke duba ba. Kuɗin magani muke dubawa, da ragon suna, da shinkafar azumi. Ban raina wannan ba. Wanda 'yan bindiga suka raba da gonarsa a Maru ko Zurmi, in ya yi sammako ƙofar gidan ɗan majalisa, yunwa ce ta kawo shi, kuma duk mai imani zai ba shi. Abin da ke ƙona min rai shi ne wasu sun gane cewa rabon buhu ya ishe su komawa, sai su yi shekara 12 ba a taɓa jin muryarsu a zaure ba, abin da ya fito daga gidan gwamnati kawai suke ɗaga wa hannu. Majalisar da ta iya tsige mataimakin gwamna, kamar yadda aka yi wa Mahdi Aliyu Gusau a Fabrairun 2022, ba za ta ce ba ta da ƙarfin kiran kwamishina ya yi bayanin kuɗin makaranta ba.

Shawarata, ku haɗa dattawa da matasa da mata ku same shi. Ku tambaye shi kwamitin da yake ciki, da ƙudirin da ya kai kan tsaron yankinku, da aikin mazaɓarku da ya sa aka saka a kasafin bana, da ranar da ya yi kwanan ƙarshe a garinku. In ya amsa da takarda a hannu, ku riƙe shi. In kuwa ya kama kame-kame, tun 2018 ɗan shekara 25 na iya tsayawa, ku fara neman naku tun kafin fid da gwani. Kuma don Allah ku je a ƙungiyance, don in ka je kai kaɗai kuɗin mota zai ba ka ya sallame ka.